An Karanta Duka

Malamin da ya koya mani Turanci a ajin farko na sakandare bai taɓa kirana da sunana ba. Monita ya naɗa ni a makon farko, kuma Monita nake har na fara furfura, har 'ya'yana suka taɓa tambayar uwarsu ko wata sarauta ce aka ba ni suna ƙanana. Gidansa yana Ƙofar Marusa. Duk Asabar da hantsi nakan je gaishe shi, tun ina zuwa a keke har Allah ya hore abin da ya fi keke.

A aji, idan ya ba da shafi ashirin a karanto, washegari sai ya bi layi yana tambayar kowa: ka karanta? Wanda ya ce a'a, sai ya ce Allah ya shirya, ya wuce. Wanda ya ce i, nan zai tsaya. Tambaya uku yake yi, ba a kuma cika kaiwa ta biyu ba. Lalaci a wurinsa ciwo ne da ake jinya a hankali. Amma mutum ya ce ya karanta alhali bai karanta ba, wannan ba ya cikin abin da Malam yake yi wa magani da baki.

Zamanin soja jarida takan iso Katsina daga kudu da kwana ɗaya ko biyu a kanta. Malam yakan karanta ta tun daga kanun farko har sanarwar canjin suna, da jan biro a hannu, yana gyara wa editoci nahawu ba tare da sun roƙe shi ba. Bayan la'asar sai ya fita majalisa, benci biyu da tabarma a bakin shagon wani tela, ya fassara wa abokansa abin da aka rubuta, sannan ya gaya masu abin da ya lura an ƙi rubutawa. Kashi na biyun nan ake jira. Babban abokin tsokanarsa a wurin wani Alhaji ne da ya yi aiki a gidan waya har ya yi ritaya, mutumin da ya yi imani cewa duk saƙon da bai ɗauki mako ɗaya a hanya ba to bai da muhimmanci.

Da soja suka koma bariki, bakuna suka buɗe. Jaridu suka yi yawa, kowa da nasa ra'ayin, har abin da a da ake raɗawa ya zama ana bugawa da manyan baƙaƙe. Malam ya yi ritaya a cikin shekarun nan. Bayan wasu shekaru ɗansa da ke aiki a Abuja ya aiko masa da kwamfutar cinya da wata 'yar na'ura da ake cusa mata a gefe don ta jawo intanet. Malam ya ajiye su a kan tebur a zaure, ya lulluɓe da ƙyalle, ya jira Asabar.

Ni a lokacin na bar riƙe alli, ina wani ofishin gwamnati a GRA. Intanet ɗin ofishinmu mai haƙuri ce ƙwarai. Kafin shafin jarida ɗaya ya buɗe da hotunansa da tallace-tallacensa, mutum zai iya shan shayi ya wanke kofin. Wani abokin aiki ne ya nuna mani mafita, wata manhaja mai tattaro labarai. Kowane shafi da ya san abin da yake yi yana da 'yar alama ruwan lemo, ɗigo ɗaya da layi biyu lanƙwasassu. Idan ka kwafi adireshin da ke bayanta ka ba manhajar, ka yi rajista ke nan. Daga ranar, duk abin da shafin ya wallafa zai zo ya same ka da kansa, kanu da rubutu zalla. Labarin da ba ka buɗe ba yana nan da rubutu mai kauri, idan ka buɗe sai ya sirance. A gefe kuma akwai lamba mai nuna nawa suka rage ba a karanta ba.

Wannan na saka wa Malam a Asabar ɗin, ina jin kaina kamar yadda ɗalibi yake ji idan rana ta juya ya zama shi ke bayani. Ya gyara tabarau ya leƙa alamar.

"Wagga ai nun ce ta ajami, ta kwanta ta gefe," in ji shi.

Na ce haka take kama. Na yi masa bayanin sauran.

"Wato maimakon in bi gidajen marubuta ina sallama, su za su riƙa zuwa zaurena?"

"Haka ne, Malam."

"Kuma su zauna sai na sallame su."

"Ba su gajiya da jira."

"To sun fi ɗalibai tarbiyya. Kira su."

Muka kira su. Jaridun Legas da na Abuja da na Kaduna, gidajen rediyon ƙasashen waje masu sashen Hausa da na Turanci, shafin wani mutum da ba ya rubutu a kan komai sai kurakuran nahawu, wani na masu duban taurari, wani na noma, har da na wasan kurket, don Malam ya buga shi yana makaranta kuma bai yafe wa duniya da ta manta da shi ba. Ashirin da bakwai muka yi. Ba zan ɗora wa tsoho laifi ba, ni ne na riƙa cewa a ƙara wannan, a ƙara wancan. Mai nuna gwaninta ba ya sanin inda ake tsayawa.

Makonnin farko Malam ya zama sarkin majalisa. Yakan share lambar tas kafin azahar, ya fita da la'asar da labarin da rediyo bai kai ga faɗa ba. Na taɓa zama da su wata Asabar na ji Alhajin gidan waya yana cewa:

"Da ɗumame kake kawo muna, yanzu kuma sai ka kawo shi bai ma nuna ba. Kai dai ba ka iya tsaka-tsaki ba."

"Kai da wasiƙa ke tsufa a hannunka har mai ita ya manta ya rubuta," in ji Malam, "kai ne za ka koya mani lokaci?"

Sai aka yi bikin jikarsa a Funtuwa, ya tafi ya yi kwana biyar. Ya dawo ya tarar wutar unguwa ta lalace, aka ƙara wasu kwanaki ana jiran masu gyara. Ranar da na zo muka kunna kwamfutar, lambar ta fara hawa muna kallo, kamar ruwa a rijiya da damina, har ta tsaya a dubu ɗaya da ɗari biyu da wani abu.

Ban damu ba. Na kai 'yar kibiyar kwamfutar kan wani maɓalli a sama na ce, "Ga maganinsa nan, Malam. Dannawa ɗaya ce."

Ya riƙe mani hannu. "Karanta mani abin da aka rubuta a kai."

Na karanta da Turanci.

"Fassara."

"A sa alamar an karanta duka."

"An karanta?"

"A'a, Malam. Alama ce kawai. Don lambar ta koma sifili a fara sabo."

"To wa za a gaya wa an karanta?"

"Ba kowa. Kwamfuta ce. Ba wanda zai gani."

"Ni zan gani."

Na ce kowa haka yake yi, ni kaina duk Litinin sai na danna shi a ofis. Ya kalle ni ta saman tabarau, kallon da na sani tun ina ɗan shekara goma sha uku.

"Ashe," ya ce.

Na kawo wata dabara. Na ce to a rage shafukan, a cire rajistar wasu, labaransu su tafi da su.

"Baƙon da ka gayyato da bakinka, ka kore shi ba ka ji mi ya zo da shi ba? A wane gida aka koya maka haka?"

Ya ɗauko takarda da rula ya ja wa kansa jadawali irin na makaranta: daga hantsi zuwa azahar, daga azahar zuwa la'asar, da ɗan hutun cin abinci. Kuma da yake mutum ne mai tsari, sai ya fara daga mafi daɗewa, don a ganinsa wanda ya riga zuwa shi ya kamata a fara gani. Matsalar ita ce baƙin ba su daina zuwa ba. Ya karanta ɗari, ɗari da ashirin su shigo ta baya. Kuma Malam ba ya karatun tsallake. Labarin farashin taki a wata ƙasa da bai taɓa zuwa ba sai ya bi shi har aya ta ƙarshe.

Ta haka mutumin da ya fi kowa saurin samun labari a unguwar ya zama wanda ya fi kowa zama a baya. Kullum yana tafe da tazarar mako biyu tsakaninsa da duniya. Wata rana ya fita majalisa ya ba da labarin an naɗa wani mutum muƙami a wata jiha, ya yi sharhi mai kyau a kan abin da ake fata daga gare shi. Tela ya ci gaba da taka kekensa. Alhajin gidan waya ne ya ce:

"Allah sarki. Ai an sauke shi tun ranar Laraba. Malam, ko mu da muke aiko da saƙo a jirgin ƙasa mun fi haka."

Aka yi dariya, irin wadda ake yi wa aboki. Malam ma ya yi. Amma washegari bai fita ba. Ya ƙara wa jadawalinsa darasi na uku, daga la'asar zuwa magariba, ya ce sai ya kamo duniya zai koma cikin mutane.

Wajen wata guda ana haka. Nakan zo Asabar in same shi a sunkuye, idanunsa sun yi ja suna ruwa, mu gaisa a taƙaice, abin da ba halinsa ba ne, don Malam mutum ne da yakan tambayi lafiyar kowa a gidana har da wanda bai taɓa gani ba. Rannan ina fita sai matarsa, Hajiya, ta aiko a tsayar da ni a soro na ciki. Ta tsaya a bakin ƙofa da carbi a hannu.

"Sannu, Monita. Ina iyali?"

"Lafiya lau, Hajiya. Ina gajiya?"

"Gajiya tana wurin malaminka. Likita ya ce ya huta wa idon nan, ya ce sai ya ƙare. An yi suna a gidan maƙwabci, ya leƙa ya yi addu'a tsaye ya dawo. Abokansa sun aiko sau biyu suna tambaya ko ba shi da lafiya. Shekara arba'in da wani abu ban taɓa ganin la'asar ta same shi cikin gida ba. Wannan abin kai ka ɗaura shi."

"Ni ne, Hajiya."

"To kai za ka kwance. Asabar mai zuwa zan kira shi ciki ya duba mani famfo. Ba abin da ya sani game da famfo, zai daɗe."

Na yi mako ina juya abin. Na san maɓallin, na san Malam. Na kuma san idan aka bar shi, lambar ba za ta taɓa saukowa ba, idon ne zai riga ta. Asabar ta zo, muka gaisa, Hajiya ta aiko kira, ya miƙe yana gunaguni ya shiga. Lambar tana dubu biyu da 'yan kai. Na danna. Manhajar ma sai da ta tambaye ni ko na tabbata. Na ce na tabbata, ko da yake wannan ma akwai magana a kansa. Rubutu mai kauri ya sirance gaba ɗaya, lambar ta ɓace.

Ya dawo hannun rigarsa a jiƙe. Ya zauna, ya sa tabarau, ya daɗe yana kallon allon.

"Monita."

"Na'am, Malam."

"Wa ya karanta su?"

"Ba kowa."

"Amma an rubuta an karanta."

"An rubuta."

"A madadin wa?"

"A madadinka, Malam."

Na yi ƙoƙarin sa wasa a ciki. Na ce ai goge allo aikin monita ne tun asali.

"Monita shina goge allo bayan an kwafe abin da ke kai. Mai gogewa kafin nan sunansa daban." Ya matsa da kibiyar sama da ƙasa. "Maido su."

Na ce labaran suna nan, ba wanda ya ɓace, kaurin ne kawai ya tafi.

"To nuna mani inda na tsaya."

Na duba. Da yake daga shafuka ashirin da bakwai suke, a cakuɗe, ban iya nunawa ba. Wanda ya bi layi-layi da jan ido da wanda bai taɓa buɗewa ba duk sun zama iri ɗaya. Wannan ne ban yi tunaninsa ba duk tsawon makon. Na ɗauka abin da bai karanta ba kawai zan share, ashe har wanda ya karanta na ɓata masa.

"Wata guda ina tsince tsakuwa daga shinkafa," in ji shi a hankali, "ka zo ka juye su tukunya ɗaya."

Ya rufe kwamfutar. Bai ɗaga murya ba, bai taɓa ɗagawa ba. Ya ce in gai da gida. Kullum yakan rako ni har bakin mota, ranar yana zaune na fita.

Makon nan ban ji daɗin aiki ba. Mutum yana iya shekara hamsin a duniya, da 'ya'ya da ofis da masinja mai gaishe shi, amma rashin rakiyar tsoho ɗaya ya hana shi cin abinci da daɗi. Asabar da ta biyo baya na kasa zuwa da hantsi, na yi ta kewaye-kewaye har la'asar. Na tarar da zauren a rufe. Aka ce yana majalisa.

Yana kan bencinsa, hannu a kan sanda. Na gaishe da kowa na samu gefen tabarma. Ya amsa gaisuwata kamar yadda ya amsa ta kowa. Can da hira ta lafa, sai ya gyara murya.

"Jama'a, tun Litinin nake fitowa ban faɗi wani abu ba, ina jiran mai shaida ya zo. Ga shi ya zo. Akwai wajen mako ukku na labarin duniya da ban karanta ba. Kwamfutata ta ce na karanta. Ƙarya take yi, kuma ba da bakina ba. Duk wanda ya ji na yi shiru a kan wani abu na kwanakin nan, to rashin sani ne. Monita, haka ne?"

"Haka ne, Malam."

"Kwantar da hankalinka," in ji Alhajin gidan waya. "Mun duba maka. Ba abin da ya faru. Waɗanda ke faɗa suna nan suna yi, waɗanda ke alkawari sun ƙara wani."

"Kai ba a tambaye ka ba."

"Ni dama ba a tambayata, kawowa nake yi."

Da aka kira magariba muka miƙe tare. A hanyar masallaci ya tambaye ni jikin ƙaramar 'yata da ta yi zazzaɓi, da sakamakon jarrabawar babban, da ko surukata ta dawo daga Daura. Na gane an sake buɗe mani ƙofa, ko da yake ba a ce an yafe ba, kuma har yau ba a ce ba.

Asabar ta gaba muka zauna muka rage shafukan. Ya ce yanzu da ba wanda ke jira a zaure, ana iya sallamar mutane cikin mutunci. Kowane ɗaya sai ya ɗan yi masa ta'aliki kafin in cire: wannan yana maimaita abin da wancan ya faɗa, wannan bai san inda ake sa waƙafi ba, wannan kuwa mutumin kirki ne amma ya cika surutu. Biyar suka rage. Na kurket yana ciki. Ya kuma koma fara karatu daga sabo, yana cewa ya gano ba kowane mai riga zuwa ne babba ba. Maɓallin kuwa bai taɓa kai hannunsa kai ba. Idan kibiya ta bi ta kusa da shi sai ya kewaye.

Bayan kamar shekara aka yi masa aikin yanar ido a Kaduna, likita ya hana shi karatu mako uku. Da wa'adin ya cika na je da hantsi. Na same shi a zaure da sabon tabarau, kwamfutar a buɗe. Shafi biyar ma idan aka ba su mako uku suna tara jama'a: lambar ta haura ɗari huɗu. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, na yi masa barka da arziki. Ya kalli allon, ya kalli bango. Sannan ya juyo da kwamfutar ta fuskance ni, ya dafa sanda ya miƙe.

"Bari in ga mi Hajiya ke so."

"Ba ta kira ba, Malam."

"Za ta kira."

Ya kai bakin ƙofar ciki ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Zan ɗan daɗe."

Na zauna ni kaɗai da allon. Daga ciki ina jin Hajiya tana tambayarsa lafiya, yana cewa shi dai ya shigo ne. Na danna, na ce na tabbata. Da ya dawo ya juya kwamfutar wajensa, ya rufe ta ba tare da ya duba ba.

"Ka zo majalisa da la'asar," ya ce. "Ina da sanarwa, kuma ina bukatar mai shaida."